Jiya Abokan Aikina, Yau Ni Ce Sufabaizarsu

Assalamu alaikum Anti. Ina aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta a Maiduguri, a sashen masu ba da shawara ga mutanen da rikici ya raba da gidajensu. Da tsarin PM+ muke aiki, wato tsarin zaman ba da shawara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar don masu fama da damuwa. Shekarata biyar ina zama da mata ina sauraron damuwarsu. Wata huɗu da suka wuce aka ƙara mini girma, aka ba ni kula da mutum shida waɗanda jiya-jiya a kwano ɗaya muke cin abinci.

Biyu daga cikinsu sun hana ni barci. Na farko dattijo ne, ya girme ni da kusan shekara ashirin, shi ya koya mini cika fom ranar da na fara aiki. An gaya mini zamansa da mutane ya koma wa'azi: mace ta zo da kukanta, ya ce ta yi haƙuri ta yawaita istigfari, cikin minti ashirin ya sallame ta. Fayilolinsa kuwa tsaf. Ta biyu yarinya ce mai ƙwazo, amma duk ta rame, tana shiga banɗaki ta yi kuka, ta raba wa matan da take gani lambar wayarta, har kuɗin aljihunta take ba su. Taronmu na ranar Alhamis ya zama ƙidayar fom, in na tambaya ko akwai matsala kowa ya ce lafiya lau. Ga kuma gurbin bita guda ɗaya a Abuja, an ce in zaɓi mai zuwa. Ina gudun a ce na samu wuri na fara ɗaga kai. Wani lokacin ji nake kamar in ajiye muƙamin in koma kujerata. Yaya zan yi?

Taki, daga Maiduguri.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya taya ki riƙo.

Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma duka biyun a wuri ɗaya na tsaya, wurin da kika ce "an gaya mini". Wata huɗu kina kula da mutumin nan, amma ba ki taɓa zama a ɗakin da yake aiki kin ji da kunnenki ba. Abin da ke hannunki fayil ne da tsegumi. Fayil ɗin ya shaida miki cewa Malam ya iya cika fom, abin da kika sani tun ranarki ta farko, tsegumin kuma ba za ki iya tunkarar dattijo da shi ba, don tambayar farko da zai yi miki ita ce wa ya faɗa. Gani ya kori ji. Duk abin da zan faɗa miki a kan wannan ya doru: aikin da ba ki gani ba, ba za ki iya gyara shi ba, su kuma ba za su nuna miki ba sai sun tabbata nunawar ba za ta ci musu aiki ba.

Wannan "lafiya lau" ta ranar Alhamis kada ki ɗauke ta raini. Tsoro ne. Tun farkon 2025 da Amurka ta datse yawancin tallafin da take bayarwa, ƙungiyoyi da dama a Borno suka rage ma'aikata, wanda ya tsira kuma kwana yake da tunanin ko za a sabunta kwantiraginsa. Alƙalamin da zai rubuta rahoton aikinsa yanzu a hannunki yake. Wa zai buɗe miki gyambonsa a gaban mutum biyar, ya ce akwai matar da ya rasa yadda zai yi da ita? Ke ma da kina kujerarsu lafiya lau ɗin za ki ce.

Wata Baturiya 'yar Ingila mai suna Brigid Proctor, wadda ta daɗe tana koyar da masu wannan aiki, ta ce kula da mai ba da shawara abu uku ne a haɗe: a tabbatar yana bin ƙa'ida, a ƙara masa ƙwarewa, sannan a sauke masa nauyin abin da yake ji kullum. Ofisoshinmu na farkon kawai suka sani, domin shi masu ba da kuɗi suke tambaya a ƙarshen wata. To ki raba su. Ƙidayar fom ki mayar da ita safiyar Litinin, rabin awa ta isa. Alhamis ki bar ta ga aikin kansa, awa ɗaya da rabi, mutum ɗaya ko biyu su kawo labarin zaman da ya ba su wahala, ba tare da sunan mai labarin ko unguwarta ba. Kuma ki faɗa musu baki da baki abin da zai tsaya a ɗakin da abin da ba zai tsaya ba. Wanda ya ce ya rikice, ko ya yi kuskure, ko ya gaji, maganarsa ba za ta shiga rahoton aikinsa ba. Amma in aka cuci mai neman taimako, ko aka tona asirinta, ko rai na cikin haɗari, dole ki kai gaba. Kada ki yi alƙawarin rufa komai. Ranar da kika saɓa shi, ba wanda zai sake buɗe baki.

Ke za ki fara kawo naki. Ina tuna lokacin da aka fara ba ni irin wannan aiki a wani wuri da na yi zama, sati uku ina tambayar mutane matsalarsu suna kallon silin. A na huɗu na ba su labarin wata mata da na yi ta cika wa kunne da dabarun samun barci har zama uku, ashe abin da ke hana ta barcin mijinta ne da ke dukanta, ni kuma ban taɓa tambaya ba don ina sauri in gama darasi. Ɗakin ya yi tsit. Can sai wani ya ce shi ma akwai wadda ta daina zuwa wurinsa, kuma ya san dalili. Daga ranar taron ya zama taro.

Yanzu ga Malam, wanda shi ne babban aikinki.

Kada ki aika a kira shi ofishinki. Ki tashi ki same shi a teburinsa, ki gaishe shi kamar yadda kika saba tun kina ƙarama a wurin. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle ma wannan ba wada ba ne, malaminki ne. Ki ce masa kina so ki riƙa zama a bayan kowa sau ɗaya a wata, kuma kina so shi ya fara zama a bayanki ya gaya miki inda kike da gyara. Da gaske nake wannan, ba dabarar kama shi ba ce. Mutumin da ya shekara da shekaru yana sauraron jama'a zai ga abin da ke ba ki gani a aikinki. In ya gyara miki kika karɓa a gabansa, kin buɗe ƙofar da za ki shiga ta nasa. Ki kuma fara zagayen da wasu kafin ki zo kansa, don kada a ce shi aka nufa. Ko wane zama za ki shiga, sai an nemi izinin mai neman taimakon tukuna, in ta ce a'a ki fita ba tare da ɓata rai ba. Ki zauna a gefe, ki yi shiru, kada ki gyara masa magana a gabanta ko da kin ji abin da ya tayar miki da hankali, sai dai in rai ne a ciki.

Mai yiwuwa ki tarar abin bai kai yadda aka faɗa ba. In kuma ya kai, ki tambayi kanki me ya mayar da shi haka. Na sha ganin tsofaffin ma'aikata da suka koma gajarta zama, ba don sun daina tausayi ba, sai don kunnensu ya cika. Wanda ya shekara yana jin yadda aka yanka miji a gaban mata, yadda aka gudo daga Bama ko Gwoza da ƙafa da goyo a baya, wata rana zuciyarsa za ta nemi garkuwa, kuma "ki yi haƙuri" garkuwa ce mai kyan gani, ba wanda zai zarge shi da ita. Akwai kuma abin da ba mu cika faɗa ba: dattijo namiji da mace matashiya a ɗaki ɗaya, akwai tambayoyin da kunya ba za ta bar shi ya yi ba, akwai amsoshin da ita ba za ta taɓa ba shi ba. In wannan ne, rabon aiki ne ya karkace. Ki mayar masa da maza da samari, waɗanda dama ba sa son zuwa wurin 'yan mata sa'o'in 'ya'yansu.

Kada ki kuskura ki nuna masa cewa addini ba shi da wuri a ɗakin shawara. Za ki yi asararsa, kuma ba ki da gaskiya. Yawancin matan nan da tawakkali suke tsaye. Abin da za ku tattauna shi ne lokaci. Matar da ta biya kuɗin Keke Napep ta zo wurinku ta riga ta ji "haƙuri" daga bakin uwar mijinta, da maƙwabta, da limamin unguwa. Da ya ishe ta da ba ta zo ba. Ko a gidan makoki ma ai tambaya muke yi, mu ce ya ƙarin haƙuri, sannan mu nemi tabarma mu zauna. Ba ma jefa kalmar daga bakin ƙofa mu juya. Kuma tunda Malam mai karatu ne, ki tambaye shi, tambaya ta ɗalibi, game da Annabi Yaƙub a cikin Suratu Yusuf, wanda ya ambaci kyakkyawan haƙuri da bakinsa, duk da haka idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki, ya kuma ce yana kai kukansa da damuwarsa ga Allah. Ki bar shi ya yi miki bayanin da kansa. Zai isa inda kike so ya isa, kuma zai ji shi ya gano hanyar.

Bayan haka sai maganar ƙa'ida, wadda ba ta san shekaru ba. Tsarin PM+ da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, bayan an gwada shi a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya, zama biyar ne, kowanne minti 90, sati-sati. A ciki ake koya wa mutum numfashi a hankali don saukar da firgici, da yadda zai warware matsala ɗaya bayan ɗaya, da komawa ga ayyukan da ya watsar, da neman mutanen da zai jingina da su. Wannan ba ya shiga minti ashirin. Abin da ya fi damuna kuma shi ne tambayar da tsarin ya wajabta, ta ko mutum yana tunanin kashe kansa. A wurinmu wannan magana ce mai nauyi sau biyu: addini ya haramta, kundin dokokin laifuka na Arewa, wato Penal Code, kuma ya daɗe yana ɗaukar yunƙurin hakan a matsayin laifi. Matar da aka tarye ta da wa'azi a minti biyar na farko ba za ta taɓa cewa ta ajiye maganin ƙwari a ƙarƙashin katifa ba. Irin wannan mata, da wadda take jin muryoyi ko ta fita hayyacinta, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke hanyar Baga ya kamata a kai su, kuma ba za a kai wadda ba a tambaya ba. Ki ce wa Malam abu biyu kike nema: ya cika lokacin zama, ya kuma yi wannan tambaya ga kowa. Ku sa wata biyu. Ki rubuta abin da kuka yi magana a kai, ki nuna masa ya karanta. In wata biyu suka cika bai canza ba, ki kai gaba, kuma ki sanar da shi kafin ki kai.

Ina fatan ba za a kai nan ba, domin irinsa ba a samunsu a kasuwa. A Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya fara wani shiri a Harare a 2006 da kakanni mata, suna zama a kan benci a harabar asibitoci suna sauraron masu abin da mutanen can ke kira kufungisisa, wato yawan tunani, kalmar da mu ma muke amfani da ita. Girmansu da yardar da jama'a suka yi musu shi ne jarinsu, horo da kulawa ta yau da kullum suka mayar da shi magani. Da tsohuwar zuma ake magani, in an tace ta.

Wani abu da zai taimake ki da su duka shi ne wasan kwaikwayo. Wani ya zama mai neman taimako, wani ya zama mai sauraro, minti goma, sauran su kalla. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suna da wani tsari mai suna EQUIP, kyauta ne a intanet, wanda ke auna ƙwarewa a mataki huɗu, na ƙasa shi ne halin da zai iya cutar da mai neman taimako, kamar katse shi ko ɗora masa laifi. Amfaninsa gare ki shi ne takardar ce ke magana, ba ƙaramar yarinyar da aka ɗaga jiya ba. Ke ma ki shiga a auna ki. Ku yi shi da harshen da kuke aiki da shi, Hausa ko Kanuri ko Larabcin Shuwa, don a nan ne ake gane wanda ya haddace Turancin littafi amma bai san yadda zai tambayi tsohuwa halin da zuciyarta ke ciki ba.

Yarinyar nan mai kuka a banɗaki kuwa, ita ce ta fi gaggawa ko da yake ta fi sauƙin magana. Ki kira ta gefe a cikin satin nan, ba ranar Alhamis ba. Ki ce mata kin ga ta rame, ki tambaye ta barci da abinci, ki tambaye ta gida. Ki tuna ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumban 2024 ba ta tambayi waye ma'aikaci waye ɗan gudun hijira ba, akwai masu ba da shawara da suka kwana a makarantu tare da mutanen da suke saurara da safe. Da yawa daga cikin yaran da ke wannan aiki labarin da suke ji labarin gidansu ne. Ki saurare ta, amma kada ki zama likitarta. Mai rubuta rahoton aikin mutum bai kamata ya riƙe sirrin zuciyarsa ba. Ki nema mata wanda za ta gani a wajen sashenku, ki rage mata mutane na wata ɗaya ko biyu, ki daina tara mata masu nauyi don kawai ita ce ba ta cewa a'a, ki kuma tilasta mata ta ɗauki hutun da take bin bashi.

Waya da kuɗi ki mayar da su dokar kowa, don kada ta ji ita ake tuhuma. A samu layin ofis guda mai lokacin buɗewa da rufewa, a kuma gaya wa kowace mata inda za ta nufa in abu ya taso da dare. Kuɗin ne mai wuya, domin an rene mu a kan cewa hana mai yunwa rowa ce, kuma yunwar matan nan gaskiya ce. Sai dai ki nuna mata abin da naira dubu ɗaya ke yi wa zaman: matar za ta fara kawo labarin da ke fitar da kuɗi ta ɓoye wanda ke cin ta, maƙwabciyarta za ta ji ta zo da nata, ranar da aljihu ya bushe kuma za a ce an canza mata fuska. Ki tanadar musu takarda mai sunayen wuraren da ake ba da abinci, da magani, da koyon sana'a, ki riƙa sabunta ta, don wanda zai ce "ba ni da ikon ba ki kuɗi" ya samu abin da zai ɗora a kai.

Gurbin Abuja bai kai ki rasa barci ba. Mu faɗi gaskiya, rabin rigimar bita rigimar alawus ce. Ki rubuta sharaɗi a fili: wanda bitar ta fi shafar aikinsa, wanda ya fi daɗewa bai je ko'ina ba, kuma duk wanda ya je zai dawo ya koyar da sauran a Alhamis biyu. Ki manna jerin a bango, kowa ya san layinsa. Kada ki ba Malam don toshiyar baki, kada ki ba yarinyar a madadin hutu. Abin da zai fi yi musu amfani a gaba shi ne kowa ya zaɓi abu ɗaya da yake so ya ƙware a kai cikin wata uku, ki riƙa bibiya, sannan ki matsa wa marasa digiri su nemi karatu a Jami'ar Maiduguri ko a jami'ar karatu daga gida ta NOUN, ki sassauta musu jadawali lokacin jarrabawa. Ƙungiyoyi suna naɗe tabarmarsu su tafi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta nuna inda aikin ya dosa, kuma mai takarda ne zai samu shiga.

Saura ke. Wa yake zama da ke? Ki nemi ofishinku a rubuce su haɗa ki da ƙwararre, ko da awa ɗaya ce a wata ta waya. In sun ce babu kuɗi, ki nemi takwararki a wata ƙungiyar ku riƙa haɗuwa. Ki riƙe mutum biyu ko uku da kike gani da kanki don hannunki kada ya mutu. Abinci kuma ku ci gaba da ci a kwano ɗaya, abin da ya ƙare kawai shi ne ki yi maganar wani a bayan idonsa da wani. Za a ce kin canza, ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Kada ki ajiye muƙamin kafin ki cika shekara.

Alhamis mai zuwa ki sa a kashe wayoyi, ki bar fom a ofis, ki roƙi Malam ya buɗe da addu'a. In ya shafa, kada ki tambayi kowa komai. Ki ba su labarin matar da kika kasa taimaka wa, don na san a shekara biyar akwai ta, sannan ki juya wurinsa ki ce, Malam, da kai ne ya za ka yi?